Kafin a Zargi Kwamfaila

Ɗalibi kan rubuta x & 1 == 0 a harshen C domin gano lambar da biyu ke rabawa ba saura. Sakamako ya yi ta fitowa sifili, sai ya ce kwamfaila ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Alamar == ta fi & fifiko, don haka ana fara auna 1 == 0, wanda ƙarya ne, wato sifili. Dennis Ritchie kansa ya amsa a 1993 cewa da an gyara wannan tsari tun farko da ya fi. Gudun ɓata tsofaffin manhajoji ya hana. A ganina, gara malamai su rage tilasta haddar jadawalin fifiko, su saba wa ɗalibai da sa baka biyu: (x & 1) == 0.