TURANCIN FIM: Kalmar "break" da 'yan rakiyar ta

A wannan watan kalma ɗaya tal za mu ɗauka mu feɗe ta har wutsiya, wato "break". Ko ɗan firamare ya san ta: karyawa ko fasawa. To amma da zarar an jingina mata wata 'yar ƙaramar kalma irin su up, off, down, in ko out, sai ta rikiɗe ta koma wata aba daban. Malaman Turanci su na kiran wannan haɗi "phrasal verb". A nan mai kallon fim ɗin Amurka ya ke ɓacewa, a nan kuma masu rubuta fassarar Turanci a ƙasan finafinan mu na Hausa su ke yawan kwafsawa.

Kada abin ya tsorata ka, domin mu ma mu na da irin sa. Dubi "ci". Ka ci tuwo, ka ci bashi, ka ci amana, ka ci jarrabawa, ka ci gaba. Baturen da a kan tuwo kaɗai ya san "ci", in ya ji an ce wane ya tafi cin kasuwa, ai sai ya zaci rumfunan zai haɗiye. To kai ma haka za ka zama in ka tsaya a kan "karyawa".

Mu fara da wadda 'yan soyayya su ka fi ji, "break up". Idan aka ce "Jamilu broke up with Zainab", sun rabu kenan, an ɓata. Amma lura da "with" ɗin nan, ba ado ba ce. In ka jefar da ita ka ce "He broke up her marriage", ka koma wani labarin: ya kashe mata aure da wani. Akwai fim ɗin Amurka na 2006 mai suna The Break-Up, na Vince Vaughn da Jennifer Aniston, inda masoya su ka rabu amma kowa ya ƙi barin gidan da su ka mallaka tare. Sannan 'yan mata, in ku na waya saurayi ya ce "You are breaking up", kada ki fara kuka. Muryar ki ce ke yankewa, matsalar sabis ce kawai.

Idan magana ta yi nisa har an yi baiko sannan aka warware, nan "break off" ta ke shiga: "They broke off the engagement". In kuwa an sa rana, an raba kati, sannan aka ce an fasa biki, Bature cewa zai yi "The wedding was called off". Mai fassarar da ya ji "an fasa" ya rubuta "The wedding has broken", ya mai da bikin tulu kenan.

"Break down" ta na da fuska uku. Mota in ta mutu a hanya, "the car broke down". Fim ɗin Kurt Russell na 1997, Breakdown, daga nan ya samo suna: motar miji da mata ta tsaya cak a dokar daji, matar ta bi direban wata babbar mota don neman taimako, daga nan ba ta dawo ba. Mutum ma ya na yi. "She broke down in tears", ta kasa daurewa ta fashe da kuka. Ta ukun ta 'yan lokeshin ce. Kafin a fita aiki akan zauna a rarraba labari fitowa-fitowa, a san 'yan wasa da sutura da wuraren da kowace ke buƙata. Wannan shi ne "to break down the script".

Sai ɓarayi. In ba ka ambaci wurin ba, "The thieves broke in". In za ka ambata, tilas ta koma "into": "They broke into the house". Amma yarinyar da ta ce "I want to break into the film industry" ba ɓarauniya ba ce, so ta ke ta kutsa kai cikin industiri. Abin nan kuma da mu ka saba gani a finafinan Indiya da namu, ana cikin hira a lambu sai kawai a ɓarke da waƙa, shi ne "They broke into song".

Wanda ya kalli Prison Break, da aka fara nunawa a 2005, ya riga ya san "break out". Michael Scofield ya jefa kan sa kurkukun Fox River da gangan don ya fitar da yayan sa Lincoln Burrows: "They broke out of prison". Haka in faɗa ko gobara ko annoba ta tashi ba zato, "it broke out". Abin mamaki, sunan ɓarkewar annoba sai ya juya baya ya zama "outbreak".

Biyu na ƙarshe na neman arziki ne. "Breakthrough" ita ce nasarar da ta buɗe wa mutum ƙofa bayan doguwar wahala, kamar yadda Zanjeer na 1973 ya yi wa Amitabh Bachchan bayan finafinai da dama da ba su yi kasuwa ba. Shi kuwa furodusan da ya ce "We broke even", uwar kuɗi kawai ya mayar, ba riba ba faɗuwa.

Ga ƙa'idoji uku da za ka riƙe. Na ɗaya, aikatau ne kaɗai ke canjawa, 'yar rakiyar ba ta motsi: break up, broke up, broken up. Na biyu, idan ka yi amfani da it ko them, a tsakiya su ke zama: "She broke it off", ba "broke off it" ba. Amma "break into" ba a raba ta, "broke into it" ake cewa. Na uku, kada ka haddace su a jere kamar lissafin sau. In ka na kallo ka ji ɗaya, tsai da fim ɗin, rubuta jimlar gaba ɗaya tare da abin da ke faruwa a wurin. Masu shirin WAEC da NECO, ku sani waɗannan su na fitowa a tambayoyin Turanci, don haka kallon naku ma ya zama karatu.

Ku kuma furodusoshi, don Allah a duba wannan lamari. Finafinan mu sun wuce zamanin kaset ɗin da Bahaushe kaɗai ke saye. Su na tashoshin tauraron ɗan'adam, su na YouTube, kuma Bayarabe da Inyamuri da baƙi na ƙasashen waje ta wannan rubutun na ƙasa kaɗai su ke bin labarin. An kashe kuɗi, jaruma ta zubar da hawaye na gaske, sannan layi ɗaya ya sa mai kallo ya kwashe da dariya a inda ya kamata ya share ƙwalla. Abin da za a biya wanda ya san aikin ya duba fassarar bai kai kuɗin abincin lokeshin na 'yan kwanaki ba.

Ga aikin gida. Ku mayar da waɗannan zuwa Turanci da "break": Janareto ya mutu ana tsakiyar ɗaukar waƙa. 'Yan sanda sun raba faɗan. Rikici ya ɓarke a gidan biki. Za mu kawo amsoshin a fitowa ta gaba, inda za mu taɓa "make" da 'yan rakiyar ta, mu ga yadda kalmar kwalliya ta zama kalmar sulhu.

Sai mun haɗu, in Allah ya kai mu.