Kafin ki sa ƙafa a jirgin ruwan shaƙatawa

Wata 'yar'uwarmu daga Daura ta aiko da tambaya. Ɗanta da ke aiki a Jamus yana so ya haɗa iyali, har da ita, da mahaifiyarta mai hawan jini, da matarsa mai juna biyu, su yi mako guda a jirgin ruwan da ke zagaya biranen gaɓar teku na arewacin Turai. Ta ce ita ruwan da ta sani bai wuce madatsar Sabke ba.

Mutanenmu sun daɗe da hawa teku. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi jirgin ruwa zuwa Ingila a kan hanyarsa ta aikin Hajji. Na yanzu kuwa otal ne sukutum a kan ruwa: ki kwana yana tafiya, ki wayi gari a sabon birni. Wasu daga Hambug ta Jamus suke tashi, su tsaya Kofenhagen, Sitokholm, Helsinki da Talin. A Sitokholm akwai gidan tarihin jirgin yaƙi mai suna Vasa, wanda ya nutse a tafiyarsa ta farko a 1628, aka ciro shi a 1961. Tsohon garin Talin kuma yana da ganuwa da ƙofofi, dukiyar fatake ce ta gina shi, duk wanda ya tashi a birni mai ganuwa zai ji kamar ya san wurin. Sai dai titunansa na duwatsu ne, da hawa da gangara, ba su yi wa gwiwar tsohuwa da keken jariri daɗi ba.

Shawarata ita ce a tsara tafiyar a kan mafi rauni a cikinku, kuma a nan mai cikin ce. Yawancin kamfanonin nan ba sa ɗaukar macen da cikinta zai shiga mako 24 kafin a gama tafiyar, haka jaririn da bai kai wata shida ba. Ba wulaƙanci ba ne. Ɗakin shan maganin jirgi na iya ɗinke rauni ya ƙara ruwa, amma ba shi da kayan rainon bakwaini, kuma naƙuda a tsakiyar teku ba abin fata ba ce. Ki ɗauko katin awo ku ƙirga makonnin zuwa ranar dawowa kafin a biya ko sisi, a kuma karɓi takardar likita.

Sai amai da gudawa. Akwai ƙwayar cuta mai suna noro da ta yi ƙaurin suna a waɗannan jirage, don mutane dubbai ne a rufe wuri guda, suna kama ludayi ɗaya a wurin ɗiban abinci, kamar dai gidan biki. Abin da zai ba ki mamaki, sanitaizar da muka saba da ita lokacin korona ba ta cika kashe ta ba. Sabulu da ruwa ne maganinta, a cuɗa na daƙiƙa 20, kafin cin abinci da bayan fitowa daga bayi. Ki sa ƙullin ORS da zinc a jaka. Rashin ruwa a jiki ne ke kayar da yaro da tsoho da wuri. Wanda ya kamu kada a ɓoye shi don tsoron a ce ya zauna a ɗaki.

Maganin Hajiya na hawan jini ya zauna a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali, da rarar kwanaki. Mai ɗauke da tiramadol ko kodin ba tare da takardar likita ba yana neman rigima a filin jirgi. Bizar Shengen tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, amma a karanta ko ta haɗa da jinya a cikin jirgi, don ganin likita a can da kuɗi ne, masu nauyi. Idan kuma jirgin zai tsaya Ingila, bizarta daban ce.

Kada kalmar "lokacin zafi" ta ruɗe ki, iskar tekun kamar asubahin hunturu take, a tafi da rigunan sanyi. A watan Yuni hasken rana a Sitokholm ya fi awa 18, Magariba sai wajen ƙarfe goma na dare. Yara za su rantse dare bai yi ba, sai ki ja labule ki kwantar da su. Hajiya kuma ta bi agogo wajen shan magani, kada ta bi rana. In kuka sauka yawo a gari, ki rubuta lokacin komawa a tafin hannunki, don jirgin ba ya jiran wanda ya makara.