FIRST KID: UBA YA HAIFA, DOGARI YA RENA, MU KUMA MUNA TAFI

Kwanakin baya gardama ta kaure tsakanina da wani abokina marubucin labarin fim. Ya zo mani da zumuɗinsa, wai ya tono wani tsohon fim na Amurka wanda ya kamata kowane magidanci ya tara iyalinsa su kalla, har ma yana shirin juye labarin zuwa Hausa. Na ce wane fim ne wannan? Ya ce First Kid. A cewarsa akwai riƙon amana a ciki, akwai ban dariya, kuma babu abin da zai sa ka rufe wa yara ido. Na ce masa fim ɗin nan na kalle shi ya fi sau uku, na kuma yi dariya har da riƙe ciki, amma wallahi ban yarda da kai ba. Hayaniyar majalisa ba ta bar ni na kai zancena gaɓa ba, shi ya sa na kawo shi wannan fili domin masu karatu su yi mana alƙalanci.

Ga wanda bai gani ba, kamfanin Disney ne ya fitar da fim ɗin a 1996, David Mickey Evans ya ba da umarni. Ɗan wasan barkwancin nan Sinbad ya fito a matsayin Sam Simms, jami'in hukumar Secret Service mai tsaron shugabannin Amurka, wanda babban burinsa shi ne ya zama dogarin shugaban ƙasa. Maimakon haka sai aka ɗora masa gadin ɗan shugaban, Luke Davenport, yaro ɗan shekara 13 wanda ya gagari kowa a fadar White House, har macijin da yake kiwo ya taɓa saki a tsakiyar manyan baƙi. Brock Pierce ne ya hau wannan matsayi, kuma abin dariya shi ne da ya girma ya tsaya takarar shugabancin Amurka da gaske a 2020. Kafin Simms akwai wani dogari mai suna Woods, wanda aka cire saboda ya yi wa yaron riƙon tsiya a gaban 'yan jarida, daga baya kuma aka kore shi daga aiki.

Bari in fara ba abokina haƙƙinsa. Sinbad ya iya wasa. Yadda yake zare ido, da yadda bakinsa ba ya hutawa, ko kana cikin fushi sai ka murmusa. Kuma tushen labarin ba ƙarya ba ne. Amy Carter tana da shekara 9 ta shiga wannan fada a 1977, Chelsea Clinton kuma tana da 12 a 1993, wato lokacin da ake shirya fim ɗin akwai yarinya a gidan wadda ko makaranta ba ta zuwa sai da masu bindiga a bayanta. Kaɗaicin irin waɗannan yara abu ne da ya cancanci a yi fim a kansa. To amma ba a nan gizo yake saƙar ba.

Jama'a, ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa Luke yake rashin ji? Fim ɗin da kansa ya ba mu amsa: uwa da uba sun tafi yaƙin neman zaɓe, yaro ba shi da aboki, ba shi da mai saurarensa. To tunda an gano ciwon, wa aka ba maganin? Wa ya lura ana cin zalin yaron a makaranta? Dogari. Wa ya kai shi ya koyi dambe? Dogari. Wa ya koya masa yadda zai yi wa yarinyar da yake so magana, da yadda zai taka rawa? Dogari. Duk abin da Bahaushe yake kira tarbiyya, ma'aikacin da ake biya albashi ne ya yi shi. Ina roƙon abokina ya nuna mani inda aka tsayar da Shugaba Davenport aka ce masa, "Malam, ɗanka fa yana lalacewa, kuma kai ne sila." Ya nuna mani abu guda da uban nan ya rasa, ko barcin dare ɗaya da ya sadaukar kafin a sace masa ɗa. An fara fim yana mutumin kirki mai yawan aiki, an gama fim yana mutumin kirki mai yawan aiki.

Yanzu dubi ladan da Simms ya samu. Daren da za a yi rawar makaranta aka ga wata jaka a kusa da fada, aka rufe ƙofofi aka hana yaron fita. Simms ya ga zuciyar yaro za ta karye, ya fitar da shi a ɓoye. Sakamako? Kora. Aka ma hana shi yi wa yaron magana. Ba a sake tunawa da shi ba sai da Luke ya ɓace. Kuma bai wanke kansa ba sai da ya tare harsashi da jikinsa, aka harbe shi a hannu. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da fim ɗin yake koya wa yaro mai kallo shi ne, ma'aikacin gidanku ba ya cika mutum sai ya zubar da jininsa dominka.

Wurin da ya fi ƙona mani rai shi ne ƙarshe. Bayan duk wannan wahala aka ce wa Simms to ga abin da ka daɗe kana nema, zo ka tsare shugaban ƙasa. Sai ya ce a'a, ya fi son ya zauna da Luke, ga kuma malamar makarantar yaron da yake so. A nan ne abokina ya ce ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Ni kuwa a nan na gane wayon marubucin. Ya san idan Simms ya tafi, dole tambaya ta dawo kan uban: to yanzu wa zai riƙe yaron? Don kada a yi wannan tambaya sai aka sa bara ya yafe burinsa da bakinsa, yana murmushi. Kada kuma mu yi kamar ba mu ga launin fata ba. Baƙin mutum mai sa dariya wanda aikinsa shi ne ya gyara rayuwar ɗan farar fata, wannan tsohuwar hanya ce a finafinan Amurka, First Kid bai kauce mata ko taki ɗaya ba.

Shi ma harsashin an mayar da shi wasa. A zahiri wannan aiki ba na raha ba ne. A 1950 ɗan sandan fada Leslie Coffelt ya rasa ransa yana kare Shugaba Truman. A ranar 30 ga Maris, 1981, Tim McCarthy ya buɗe jikinsa ya tare harsashin da aka harba wa Shugaba Reagan, sai da aka yi masa tiyata. Waɗannan mutane suna da nasu iyalin. A fim kuwa an zaɓi hannu, wurin da za a ɗaure da bandeji a ci gaba da barkwanci.

Na san abin da za a ce: haba malam, fim ɗin yara ne fa, me ya kawo wannan dogon Turanci? To ai shi ya sa. Abin da aka ba ka cikin dariya ba ka tauna shi, haɗiyewa kawai kake yi. Kuma ba gaskiya ba ne a ce fim ɗin iyali ba zai iya riƙe uba da laifinsa ba. Ku tuna Mrs. Doubtfire na 1993. Robin Williams ya ba mu dariya iya dariya, amma uban da ya fito a ciki ya ɗanɗana kuɗarsa: aurensa ya mutu, ya tsaya gaban alƙali, sai da ya canza hali kafin ya samu 'ya'yansa yadda yake so, kuma har aka tashi matar ba ta koma ba. Ko The Pacifier na Vin Diesel, wanda ya fito a 2005, yana da uzuri, domin uban yaran ya mutu. Shi Davenport yana raye, lafiyarsa ƙalau.

Abin takaicin shi ne fim ɗin ya riƙo wani babban al'amari ya sake shi. Ta yaya aka sace Luke? Ta hanyar wani abokin hira na intanet mai kiran kansa Mongoose12, wanda ya koya masa yadda zai sulale daga fada ya same shi a wani katafaren kanti. Ashe Woods ne, korarren dogarin nan. A 1996 ke nan fa, shekara takwas kafin a ƙirƙiro Facebook. Duk katangu da bindigogin fadar ba su hana ɓarawo shigowa ta kwamfutar ɗakin yaro ba, saboda yaron da ba a saurara a gida zai nemi mai saurarensa a waje. Ba ina kare Woods ba ne, mai satar yaro ba shi da hujja. Amma da aka tattara laifin duka aka ɗora wa mugu ɗaya, sai gidan ya fita fes, kamar ba su ne suka bar ƙofar a buɗe ba.

Don haka abokina, in har ka nace sai ka yi naka na Hausa, ba zan hana ka ba, domin labarin ba baƙonmu ba ne. Mun san gidajen da direba ya san ajin da yaro yake, Alhaji bai sani ba. Mun san gidajen da 'yar aiki ce take gane yarinya ba ta da lafiya kafin Hajiya. Amma don Allah kada ka kwafo ƙarshen. Ka bar dogarin ya karɓi ƙarin girmansa ya yi gaba, ya je ya rungumi nasa 'ya'yan. Sannan ka juya kyamara kan uban, ka bar shi a falo shi da ɗansa su biyu, mu ga ko ya san abin da zai ce masa. In ka yi haka ni zan fara sayen tikiti. In kuwa ka sake ba mu bara mai shan harsashi yana godiya, to ka saurare ni a wannan fili.

Allah ya sa mu gane.