Kafin direba ya zama maigidan kansa

Da wuya a sami direban tirela da ya shekara 10 yana zirga-zirga tsakanin Kano da Legas wanda bai taɓa mafarkin ranar da zai daina kai wa wani balas ba. Buri ne mai kyau, kuma ba na cikin masu hana shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, sau da yawa mu ma'aikata ake tunkara da wannan magana: ƙane ko ɗan yaya ya zo ya ce an samo masa tsohuwar DAF 'yar Baljiyam, a taimaka a cika masa kuɗi. Sai a haɗa garatuti da kuɗin fili a saya, a yi addu'a, a ɗauka an gama.

Mai karatu, ranar da aka biya kuɗin mota ita ce ranar da kashe kuɗi ya fara. Lokacin da yake yaron wani, idan giya ta fashe a Mokwa, waya kawai zai buga a turo kuɗi. Yanzu kuwa shi ne mai bugun wayar, shi ne kuma wanda ake bugawa. Man dizal da ake saya kimanin Naira 300 kowace lita a farkon 2022 ya haura Naira 700 kafin tsakiyar shekarar, sannan tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, duk wani ƙarfe da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi. Tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, mota mai taya 18, kuma taya ba ta san uzuri ba. Ga ɗan kamasho, ga ƙungiya, ga masu karɓar haraji da katakonsu mai ƙusoshi a kan hanya.

Amma abin da ya fi kashe sabon mai mota, a ganina, shi ne dawowa wayam. Samun lodin hatsi a Dawanau ko na shanu a Potiskum ba shi ne wahala ba ga wanda aka sani. Wahalar tana Kudu. Idan ya sauke kaya ya kwana 10 a Ogere yana jiran lodin komawa, yana ci, yana ciyar da yaran mota, ribar tafiyar ta ƙare a zaune. Manyan kamfanoni suna da kwangila a hannu tun kafin motarsu ta tashi, kuma a 2025 matatar Dangote ta ba da sanarwar kawo motoci 4,000 masu amfani da iskar gas don rarraba mai. Mai mota ɗaya tak da irin waɗannan yake gogayya.

Idan kuma bashi ne, ana biya wata-wata, to nan haɗarin ya wuce na dukiya. Direban da wa'adi ke bi ba ya barci, yana ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfinta, yana ɗage gyaran birki zuwa tafiya ta gaba. Mun san inda wannan yake ƙarewa.

Saboda haka idan ɗan'uwa ya zo, a tambaye shi abu biyu kafin a tambayi farashin motar: wane ɗan kasuwa ne ya yi alkawarin ba shi kaya daga Legas, kuma nawa zai rage a ajiye bayan an biya? Idan ajiyar ba za ta sayi man tafiya biyu da gyaran inji ɗaya ba, gara ya ƙara shekara guda a gidan maigidansa, ko a fara da ƙaramar mota mai jigila tsakanin kasuwannin ƙauye da Dawanau, inda zai riƙa kwana a gida.