A Duba Agogon Kwamfuta Kafin a Harhaɗa Manhaja

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ya san cewa ba a ɗora komai a kan sikeli sai an tabbatar allurarsa tana kan sifiri. Haka nan na'urar auna tsamin ruwa, sai an fara tsoma ta a ruwan da aka riga aka san awonsa, kamar na 7 da na 4, sannan a amince da abin da za ta nuna. Abin mamaki shi ne, wannan ɗalibi da kansa, da zarar ya zauna gaban kwamfuta, sai ya ɗauki duk abin da ta faɗa tamkar yankan wuƙa, bai ko kalli kwanan watan da take nunawa ba. Wannan sakaci ne da ya kamata malamai su magance tun daga makarantar sakandare.

Manhaja dai mutum ne yake rubuta ta da wani harshe da ɗan Adam zai iya karantawa, sa'an nan wata manhajar ta fassara rubutun zuwa harshen na'ura. Babbar manhaja takan ƙunshi ɗaruruwan fayiloli, kuma sake fassara su duka saboda gyaran layi guda ɓata lokaci ne. A shekarar 1976 Stuart Feldman na ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka ya ƙirƙiro wata dabara mai suna make, wadda har yau ake aiki da ita. Hikimarta ba ta da sarƙaƙiya. Kowane fayil yana ɗauke da tambarin lokaci, wato rana da sa'ar da aka yi masa gyara na ƙarshe. Sai make ta kwatanta tambarin rubutun asali da na fassararsa. In rubutun ya fi sabunta, ta sake fassarawa. In fassarar ce ta fi sabunta, ta bar shi ta wuce. Ba ta buɗe fayil ta karanta abin da ke ciki. Shaidarta guda ce tak, agogo.

To, idan agogon ya yi ƙarya fa? A cikin kowace kwamfutar tebur akwai wani ɗan batiri mai siffar kwabo da ke riƙe agogo yayin da aka kashe na'ura ko aka ɗauke wuta. Idan ya mutu, duk lokacin da aka kunna sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Wannan ba baƙon abu ba ne a makarantun da suka gaji tsofaffin kwamfutoci, ga kuma wutar lantarki da ba ta zama. A ɗauka ɗaliba ta gano kuskure a lissafinta, ta gyara, ta adana. Agogo ya buga wa gyaran tambarin shekara goma da suka wuce. Da make ta duba, sai ta ga fassarar jiya ta fi gyaran yau sabunta, ta ce babu aikin yi. Ɗalibar ta kunna manhaja, kuskuren nan yana nan daram. Sai ta fara zargin kanta, ta rushe gyaran da yake daidai, ta kwana tana neman laifin da babu shi. Wannan ma da sauƙi. Mafi muni shi ne kuskuren ya zama ƙarami yadda ba za a lura ba, a kwashi sakamakon a zuba a rahoton bincike.

Idan agogon gaba ya yi, ɓarnar ba ta kai haka ba: za a yi ta maimaita fassara ba dalili, kuma make ta GNU takan yi gargaɗi cewa ta ga fayil mai tambarin lokacin da bai zo ba tukuna.

Masana sun daɗe da sanin wannan rami. Shi ya sa manhajoji da yawa na Linux da danginsa suke zuwa da wani shirin share fage mai suna configure, wanda ake kunnawa kafin make. Cikin abubuwan farko da yake dubawa har da lafiyar muhallin aikin. Yakan ƙirƙiri sabon fayil nan take, ya jera shi tare da fayil ɗin da ya zo cikin kunshin manhajar, ya ga wanne ya fi sabunta. Hankali ya nuna jaririn da aka haifa yanzu ba zai girmi wanda ya tarar a gida ba. In lissafi ya nuna ya girme shi, sai shirin ya tsaya cik, ya ce a je a duba agogo. Bayan nan ne yake bincika ko akwai manhajar fassara, da ko tana aiki. Tun ran gini ran zane.

Halitta ma haka take yi. A 1989 Leland Hartwell da Ted Weinert suka bayyana cewa ƙwayar halitta tana da wuraren tsayawa a kan hanyarta ta rabuwa biyu, inda take dakatawa idan sinadarin gadonta ya lalace, har sai an gyara. Ƙwayar da ta rasa wannan birki ita ce takan kama hanyar zama sankara.

Akwai masu cewa wannan tsohon zance ne. Hujjarsu ita ce, kwamfutar da ke haɗe da intanet tana saita agogonta da kanta ta hanyar tsarin NTP da David Mills ya fito da shi a 1985, kuma sababbin kayan aiki irin su Bazel abin da ke cikin fayil suke aunawa, ba tambarinsa ba. Gaskiya ne, amma rabinta. Ba kowace kwamfutar makaranta ce ke samun intanet ba. Kuma ko agogo yana daidai, kwafe fayiloli ta filashi yana iya jirkita lissafi, domin tsohon tsarin FAT sakan biyu-biyu yake ƙirga lokacin gyara, kuma lokacin gari yake rubutawa, alhali Unix ƙirgen sakan yake yi tun daga 1 ga Janairu 1970 bisa agogon duniya, wanda Nijeriya da Nijar suke gabansa da awa ɗaya.

Bugu da ƙari, agogo ɓangare ne kawai na muhalli. A 2019 masu bincike a Jami'ar Hawaii, suna nazarin sinadaran wasu ƙananan halittun ruwa, suka lura cewa wata manhajar lissafi da aka wallafa a 2014 tana ba da amsa daban-daban a kan Windows da Mac da Linux. Dalili kuwa, kowane tsari da yadda yake jera fayiloli, su kuma marubutan sun ɗauka jerin iri ɗaya ne a ko'ina. Irin wannan damuwa ce ta sa masu kula da Debian suka soma wani yunƙuri a 2013, na tabbatar da cewa rubutu guda yana haifar da manhaja guda, ko wa ya harhaɗa ta, ko a wace rana.

Abin da ake buƙata daga malami bai kai minti biyu ba. Kafin a fara darasi, ɗalibi ya karanta kwanan watan da kwamfuta take nunawa, ya gwada da na wayar malam, ya rubuta a littafinsa tare da sunan tsarin da yake aiki a kai. Idan gyara ya ƙi bayyana, ya share tsofaffin fassarori ya harhaɗa daga farko kafin ya taɓa rubutunsa. Batirin da ya mutu kuwa, yawanci samfurin CR2032 ne, ana samunsa a wurin masu gyaran agogo, kuma canza shi bai fi ƙarfin ɗan aji huɗu ba, muddin an zare wayar wuta.