Kisan Agom Adara: Kotu Muke Jira Ta Yi Magana

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu domin in tayar da wata magana da hukuma ta bari ta kwanta, alhali a bakin mutanen kudancin Kaduna ba ta taɓa kwanciya ba. Ina nufin kisan Mai Martaba Agom Adara, Dokta Maiwada Raphael Galadima, wanda aka tsinci gawarsa da harbin bindiga a yankin Katari, kan babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, ranar Juma'a 26 ga Oktoba, 2018. Daga nan Jere zuwa Katari ba wata tafiya ba ce. Titinmu ɗaya, muna cin kasuwannin juna, kuma dajin da aka ɓoye shi a ciki shi ne dajin da manomanmu suke tsoron shiga. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Bari in tuna wa masu karatu yadda abin ya faru, don yaran da ke firamare a lokacin yanzu sun zama samari, kuma labarin da suka gada ya danganta da gidan da suka tashi. Ranar Alhamis 18 ga Oktoba, ranar cin kasuwa, rikici ya ɓarke a Kasuwan Magani da ke Ƙaramar Hukumar Kajuru. 'Yan sanda suka ce mutum 55 ne suka mutu. Washegari Juma'a, Agom yana komawa fadarsa a Kachia daga Kaduna, inda ya je kan maganar wannan rikici, sai 'yan bindiga suka tare ayarinsa a ƙauyen Maikyali. Nan take suka harbe wasu daga cikin masu rakiyarsa, har da ɗan sandan da ke gadinsa, suka yi daji da shi da mai ɗakinsa. Ranar Lahadi 21 ga wata jita-jita ta kunna wuta a cikin garin Kaduna, aka rasa fiye da mutum 20, gwamnati ta sa dokar hana fita ba dare ba rana. An saki matarsa. Jaridu sun ruwaito cewa an kai kuɗin fansa. Kowa ya sa rai sarki zai dawo gida, sai ga gawarsa bayan mako guda. A ranar aka sake rufe Kaduna.

Ba na manta yadda Jere ta kasance a waɗannan kwanaki. Manyan motoci sun yi layi a gefen titi saboda ba hanyar shiga Kaduna, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin tireloli, tumatir yana ruɓewa a kwanduna. Fasinjojin da suka taso daga Abuja sun cika rumfunan masu shayi, kowa ya manna waya a kunne yana tambayar 'yan gida ko unguwarsu lafiya. A nan, tun kafin a binne mamacin, na fara jin bayanai iri-iri kan wanda ya kashe shi, kuma har yau su ne dai ake maimaitawa, ba ƙari ba ragi.

Bayanin da hukuma ta fi karkata gare shi shi ne cewa aikin masu garkuwa da mutane ne, neman kuɗi ya kawo su. Wannan magana tana da ƙafafu. Duk wanda ya san hanyar nan ya san cewa tun kafin 2018 tsakanin Jere da Katari da Rijana ya zama tarko, har manya da ƙanana suka koma rububin tikitin jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016. Dazuzzukan da ke tsakanin hanyar Kachia da hanyar Abuja a haɗe suke, wanda aka ɗauka a can ana iya fito da shi a nan a kan babur. Kuma mun ga cewa waɗannan mutane suna kashe wanda ke hannunsu ba tare da wani dalili na siyasa ba: ɗalibai biyar na Jami'ar Greenfield da aka kashe bayan an sace su a watan Afrilun 2021, a kan wannan titi namu, ba sarauta suke riƙe da ita ba. A 2019 kuma, rundunar 'yan sanda ta sanar da kama wani gawurtaccen mai garkuwa da mutane da ta ce ya amsa yana da hannu a sace Agom da kashe shi.

To amma akwai tambayar da wannan bayani bai amsa ba, kuma ita ce take hana mutane barci. Mai garkuwa kasuwanci yake yi da ran mutum, kuma kasuwarsa tana tafiya ne idan jama'a sun yarda cewa wanda aka biya wa kuɗi zai dawo. Sarki mai daraja ta ɗaya shi ne kaya mafi tsada da zai taɓa faɗowa hannunsa. Don me zai saki matar, ya karɓi kuɗi, sannan ya harbe mijin? Wasu sun ce ai sarkin ya gane fuskar wani a cikinsu ne. Wasu sun ce akwai infoma a kusa da fada ko a kan hanya wanda ya ba da lokacin tasowar ayari, shi ne ya ji tsoron tonon asiri. Duka biyun suna iya yiwuwa. Amma idan haka ne, ina infoman? Wa ya bincike shi?

Bayani na biyu shi ne wanda za ka ji a Kachia da Kufana da sauran garuruwan Adara, kuma ba a ɓoye ake faɗinsa ba: cewa kisan gilla ne aka shirya, aka yafa masa rigar garkuwa. Masu wannan ra'ayi suna danganta shi da rigimar sarauta. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, sannan ta ɗauko tsarin sauya sunayen masarautu, su bar amsa sunan ƙabila su koma amsa sunan gari. Hujjar gwamnati ita ce sarki na duk wanda ke zaune a ƙasarsa ne, ba na ƙabila ɗaya ba. Mutanen Adara kuwa sun ɗauki abin a matsayin rushe musu gida, kuma suna cewa sarkinsu bai amince da shi ba. Bayan rasuwarsa sai ga shi an daina kiran Masarautar Adara, an koma Masarautar Kachia, 'yan Adara da ke Kajuru kuma aka sa su ƙarƙashin Masarautar Kajuru. Sai mutane suka ce biri ya yi kama da mutum.

A nan dole in faɗi ra'ayina ƙarara, ko da wasu abokaina na Adara za su ji zafi. Faruwar abu bayan wani abu ba ta tabbatar da cewa na farkon ne ya haifi na biyun. Zargin jami'an gwamnati da jinin sarki magana ce mai nauyin gaske, kuma masu yin ta ba su kawo shaidar da za ta tsaya a gaban alƙali ba. Gwamnatin wancan lokaci ta yi Allah wadai da kisan, ta kuma yi alkawarin kamo masu hannu. Ni kaina na fi karkata ga cewa 'yan daji ne suka ja kunamar bindigar. Sai dai karkata ta ba hukunci ba ce, kuma wanda ya ja kunama ba lallai ne ya zama shi kaɗai ne mai laifi ba. Haka kuma ba zan zargi ɗan Adara da ya ƙi yarda ba. An kashe masa sarki, kafin hawayensa ya bushe an sauya wa masarautarsa suna, an raba ta, sannan ba a kira shi kotu ya ga wanda ake tuhuma da idonsa ba. Ko ni ne, zuciyata za ta saƙa mini abubuwa. Gwamnatin da ke son a kyautata mata zato ba ta taɓa irin wannan masarauta a irin wannan lokaci sai ta fara wanke maganar jinin.

Akwai bayani na uku, wanda ya fi sauran haɗari, cewa ramuwar gayya ce kan abin da ya faru a Kasuwan Magani kwana ɗaya kafin a sace shi. Haɗarinsa shi ne ba ya nuna mutum, al'umma yake nunawa. Da zarar an ce ramuwa ce, to an ɗora jinin a kan kowane Bahaushe mai shago a Kachia da kowane Bafulatani mai kiwo a Kajuru, ko da a ranar yana gadon asibiti. Kuma mun ga abin da ya biyo baya. A watan Fabrairun 2019, ana jajiberin zaɓe, gwamna ya sanar da kashe mutum 66 a Kajuru, daga baya ya ce sun kai 130, akasarinsu Fulani. Aka yi ta musun adadin. Hare-hare suka biyo a ƙauyukan Adara, aka kashe mata da yara, dubbai suka bar gidajensu. Aka kama dattawan Adara tara, suka shafe fiye da wata uku a tsare kafin kotu ta sallame su. Ban ce kisan Agom ne kaɗai ya jawo wannan ba, rigimar ta girme shi. Amma raunin da aka rufe ba a wanke ba, ruɓewa yake yi daga ciki.

Na taɓa zama a wata rumfa a kasuwar Jere inda mutum biyu da suka shekara ashirin suna cinikin citta tare, ɗaya Musulmi ɗaya Kirista, suka ɗauko wannan zance. Ɗayan ya ce, "Ai an kama wanda ya yi, a talabijin na gani." Ɗayan ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Wace kotu ce ta yanke masa hukunci? Faɗa mini sunan alƙalin." Shiru ya biyo baya, aka koma maganar farashin buhu. Suna nan suna ciniki har gobe, amma kowannensu ya tashi da abin da ya zo da shi, kuma shi zai faɗa wa 'ya'yansa.

Tambayar mutumin nan ita ce gaskiyar magana. Jera mutane a ƙasa a gaban kyamara, da bindigogi a gabansu, ba shari'a ba ce. Amsa laifi a hannun 'yan sanda ba hukunci ba ne, shi ya sa dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Jihar Kaduna ta yi irin tata a 2017, ta yi tanadin yadda za a ɗauki bayanin wanda ake zargi, don kada a ce duka ne ya sa shi magana. A kotu ne lauya zai tambaye shi wa ya ba su labarin tasowar ayari, nawa aka karɓa, wa ya ba da umarnin harbi, kuma don me. A kotu ne za a kawo bayanan layukan wayar da aka yi cinikin fansa da su, tunda rajistar layi dole ce a ƙasar nan tun kafin 2018. A can ne likita zai karanta abin da ya gani a jikin gawa, waɗanda suka tsira daga harin Maikyali su faɗi abin da idonsu ya gani, waɗanda suka kai kuɗi su faɗi inda suka kai. Idan bayanin hukuma gaskiya ne, babu wanda zai ci ribar shari'ar fili kamar hukumar kanta da waɗanda ake yi wa zargi.

Kada wani mai karatu a Kano ko Zariya ya ce wannan matsalar Kiristocin kudancin Kaduna ce. Mu ma muna da namu. An harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar Asuba a masallacinsa na Ɗorayi ranar 13 ga Afrilu, 2007, ana gobe zaɓen gwamnoni, kuma har yau wasu na cewa siyasa ce, wasu na cewa masu tsattsauran ra'ayin da ya yi wa raddi ne, wasu na nuna abokan saɓanin aƙida. Duk wanda zuciyarsa ke ƙuna kan Malam Ja'afar ya san abin da ɗan Adara yake ji. A nan kudancin jihar ma, a daren shiga shekarar 2018 an harbe Etum Numana, Dokta Gambo Makama, tare da matarsa mai juna biyu a Ƙaramar Hukumar Sanga. Sarakuna biyu ke nan a shekara ɗaya. Bola Ige kuwa yana kan kujerar ministan shari'a na ƙasa aka harbe shi a gidansa na Ibadan a watan Disambar 2001, waɗanda aka gurfanar kuma duk aka sallame su. A watan da aka kashe Agom ne aka kashe ɗan jaridar Saudiyya Jamal Khashoggi a Istanbul. Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya Agnes Callamard ta fitar da rahoto a kansa cikin wata tara, kuma da ta zo Nijeriya a 2019, babban abin da ta koka a kai shi ne yadda ake kisa a ƙasar nan ba a hukunta kowa.

Yanzu gwamnati ta sauya. Gwamna Uba Sani yana yawan maganar haɗa kan kudu da arewacin jihar, an kuma yi sulhu da 'yan bindiga a yankin Birnin Gwari. Ina maraba da duk abin da zai sa manomi ya koma gona. Amma laifin kisan kai ba ya tsufa a doka, kuma wanda ya iya zama da 'yan daji a yi maganar zaman lafiya zai iya tambayar su abin da suka sani game da Katari. Roƙona ga Kwamishinan Shari'a na jiha da Kwamishinan 'Yan Sanda shi ne su fito su gaya mana inda fayil ɗin nan yake. Mutumin da aka ce ya amsa laifi a 2019, an gurfanar da shi? A wace kotu, a kan wace tuhuma? Idan an yanke hukunci, a buga shi kowa ya karanta. Idan an sake shi ko ya mutu a tsare, a faɗa. Idan kuma shari'ar ta maƙale, gwamna yana da ikon kafa kwamitin bincike ƙarƙashin alƙalin babbar kotu, ya zauna a bainar jama'a, a Kachia, inda mai zargi zai zo da shaidarsa, wanda ake zargi ya kare kansa. A haɗa da maganar ɗan sandan nan da sauran waɗanda suka mutu a Maikyali, domin su ma suna da iyali, kuma haƙƙinsu bai gaza na sarki ba.

Kai ma, Malam Edita, kana da abin yi. Ka tura wakilinka na Kaduna ma'aikatar shari'a da hedikwatar 'yan sanda da waɗannan tambayoyi a rubuce, ka buga mana amsar da suka bayar, ko ka buga cewa sun ƙi bayarwa. Idan Oktoba ta zagayo, a sake tura shi.



Naka mai karatu,
daga Jere, Ƙaramar Hukumar Kagarko, Jihar Kaduna.