Alobera: mu shuka ta, amma mu san iyakarta

A wani ƙauye da na je duba ajin yaƙi da jahilci, na tarar da yaro kwance, zawo ya galabaitar da shi. Ciwon ciki ya yi, aka ba shi ruwan alobera. Ra'ayina shi ne kowane gida ya shuka wannan tsiro, amma don fata, ba don sha ba.

Da farko mu gane ta. Asalin alobera ƙasashen Larabawa ne. Ganyenta mai kauri ne, da ƴan ƙayoyi a gefe. Idan ta girma takan fitar da dogon kara a tsakiya, da fure rawaya yana reto. Tana da ƴar uwa a dajin Najeriya da Benin, wadda Hausawa ke kira zabuwa saboda ɗige-ɗigen ganyenta. Ganyen zabuwa yakan bushe da rani, na alobera kuwa yana nan kore duk shekara. Kama da wane ba wane ba ne. Kada a shafa tsiron da ba a tabbatar da shi ba.

Shukarta ba wuya. A cire ɗaya daga cikin ƴaƴan da ke fitowa a gindin uwar, tare da saiwarsa. A ajiye shi a inuwa kwana 2, wurin yankan ya bushe. A samu fasasshen tulu, a huda ƙasansa, a zuba rairayi da ɗan ruɓaɓɓen taki. Ban ruwa sau 1 a mako ya isa, kuma sai ƙasar ta bushe. Yawan ruwa ke kashe ta, ba ƙishirwa ba. Da damina kada a bar ta inda ruwa ke kwanciya.

A tsakar gida tana son ranar safe, da ƴar inuwa lokacin bazara. A yi mata shinge saboda awaki. A cikin ɗaki, sai dab da taga. Wadda ke ɗaki da wuya ta yi fure. Ta waje kuwa takan yi bayan wajen shekara 4.

Idan aka yanka ganyen, abu 2 ake gani. Akwai tsoka mai yauƙi kamar kuɓewa, wadda ke sanyaya ƙaramar ƙuna. Akwai kuma ruwa rawaya mai ɗaci a ƙarƙashin ɓawo. Shi ne mai haɗari. Yana murɗa ciki, yana kawo zawo, yana ƙarar da ruwan jiki. Kada yara da mata masu ciki ko masu shayarwa su sha shi. A shekarar 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta hana sa shi cikin maganin wankin ciki da ake saye ba da takardar likita ba.

Wani zai ce ai ɗaci shi ne magani. Ba kowane ɗaci ba ne. Maganin da ba shi da awo yakan zama guba.

Idan yaro ya ƙone, a fara zuba ruwa mai tsabta, mai sanyi, minti 20. Idan fata ja kawai ta yi, a wanke ganye, a bar ruwan ɗacin ya tsiyaye, a shafa tsokar. Idan ta yi bororo, ko ta saɓule, ko a fuska ne, kada a shafa kome: a garzaya gidan likita.

Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya.